AWON ƘARFIN ZUCIYA DA NA'URAR MAYEN ƘARFE

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shekaru aru-aru masu magani ma a kan wannan hanya suka tsaya: su dubi fuskar majinyaci, su taɓa jijiyar hannunsa, su danna ƙafarsa su ga ko ta kumbura, sa'an nan su yi kirdado. A shekarar 1816 wani likitan Faransa, René Laennec, ya ƙago bututun sauraren ƙirji, aka fara jin motsin zuciya sosai da kunne. A 1895 Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken nan na hoton ƙashi, wanda ake kira radiyo a gidan likita, aka ga inuwar zuciya. A 1903 Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera na'urar da ke rubuta wutar zuciya bisa takarda. A 1953 kuma wasu masana biyu a birnin Lund na ƙasar Suwidin, Inge Edler da Hellmuth Hertz, suka aika sauti cikin ƙirji suka kama amsa-kuwwarsa. Wannan shi ne asalin ekogarafin zuciya.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ta ƙara wa likita ido ko kunne, kuma har yau ana aiki da su duka. Amma akwai tambayoyi biyu da suka daɗe suna neman cikakkiyar amsa. Ta farko, jini nawa ne zuciya take turawa a kowane bugu? Ta biyu, in ƙarfinta ya ragu, naman nata gajiya ya yi ko kuwa mutuwa? Na'urar da ta fi kowace amsa waɗannan tambayoyi ita ce ta mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, wadda likitocinmu ke kira IRM. A kanta za mu yi wa masu karatu bayani a wannan fili.

Aikin zuciya da lissafinsa

Zuciya tsokar nama ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗakuna huɗu. Biyu na sama kamar zaure suke, nan jini ke fara sauka. Biyu na ƙasa su ne masu aikin ƙarfi: na dama yana tura jini zuwa huhu domin ya ɗauko iska mai kyau, na hagu kuwa yana tura shi zuwa dukan jiki, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Tsakanin ɗakunan da bakin manyan jijiyoyi akwai ƙyamare huɗu da ke buɗewa su rufe, don kada jini ya koma inda ya fito.

Zuciyar babban mutum da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wajen sau 100.000 ke nan a yini da kwana. Tana tura kimanin lita 5 na jini a kowane minti. In muka lissafa, lita 7.200 ke nan cikin awa 24, wato tano 36 irin mai cin lita 200. Ga shi kuwa ba ta da ranar hutu.

To, yaya ake auna ƙarfinta? A nan sai mai karatu ya natsu, domin wannan lissafi shi ne ginshiƙin maganar duka. Ɗakin hagu na ƙasa ba ya juye dukan jinin da ke cikinsa in ya matse. A ce ya cika da mililita 120. Da ya matse sai mililita 70 su fita, kusan cikin ɗan ƙaramin kofin shayi, mililita 50 su saura. In aka raba 70 da 120, sai a sami kashi 58 cikin 100. Wannan adadi shi likitoci ke kira kason turawa. A wurin mai lafiya yana tsakanin kashi 50 da kashi 70. In ya sauko zuwa kashi 40 ko ƙasa da haka, zuciya ta yi rauni ƙwarai.

Ga misali na biyu. Zuciyar da ta yi ciwo takan saki, ta buɗe kamar tsohuwar salka. Ɗakin hagu ya cika da mililita 200, amma 50 kaɗai yake iya turawa, 150 su kwanta. Kason turawa ya zama kashi 25. Jinin da bai wuce ba sai ya taru a baya, ruwa ya shiga huhu, mutum ya riƙa haki in ya yi tafiya kaɗan, ya kasa kwanciya sai ya jingina, ƙafafu su kumbura. Ashe girman zuciya a hoto alamar ciwo ce. A kan wannan adadi likita ke zaɓen magani, da shi yake sanin ko maganin yana aiki, da shi kuma ake yanke shawarar yi wa mutum aiki ko a ƙyale shi. Kuskuren kashi 10 a awo yana iya canza shawarar gaba ɗaya. Shi ya sa mudun awon ya kamata ya zama na gaskiya.

Yadda mayen ƙarfe ke ganin cikin jiki

Fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, wajen kashi 60 cikin 100 a wurin babban mutum. A cikin ruwa akwai sinadarin haidurojin, kuma ƙwayar tsakiyar wannan sinadari tana da hali irin na allurar nuna alƙibla. A zaman yau da kullum waɗannan ƴan allurai kowace inda ta fuskanta daban. Da an shigar da mutum cikin babban mayen ƙarfe, sai su karkata su bi layinsa.

Ƙarfin mayen ana auna shi da ma'aunin da ake kira tesla. Galibin na'urorin da ake duba zuciya da su suna da tesla 1,5 ko tesla 3. Mai tesla 1,5 ya ninka ƙarfin maganaɗisun duniyar nan wajen sau 30.000. Domin a sami wannan ƙarfi, ana sanyaya wayoyin na'urar da ruwan iskar heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, inda wutar lantarki ke gudu cikin waya ba abin da ya tare ta.

Daga nan sai na'urar ta aika igiyoyin rediyo, irin dai na tashar watsa labarai. A mai tesla 1,5 ana aika su bisa megahaz 64, ba nesa ba da zangon FM da muke kamawa tsakanin 88 da 108. Igiyoyin su ture ƴan alluran nan daga layinsu. Da an yanke, sai alluran su koma, kuma wajen komawar suna mayar da wata ƴar siririyar amsa da na'urar ke kamawa. Jini da saurin komawarsa, tsoka da nata, kitse da nasa, tabo ma da nasa. Daga wannan bambanci kwamfuta ke haɗa hoto. Babu hasken hoton ƙashi ko na sikana a cikin wannan aiki, saboda haka ana iya maimaita awon sau da yawa ba tare da an tara wa jiki wannan haske ba.

Ba mutum ɗaya ya ƙago wannan dabara ba. A 1946 Felix Bloch da Edward Purcell, kowa da wurin aikinsa a Amurka, suka nuna wannan hali na ƙwayoyin sinadari, aka ba su kyautar Nobel a 1952. A 1971 likita Raymond Damadian ya nuna cewa amsar nama mai ciwon daji ta bambanta da ta lafiyayyen nama. A 1973 Paul Lauterbur ya fitar da hoton farko, na wasu ƴan bututu biyu cike da ruwa. Peter Mansfield na jami'ar Nottingham a Ingila ya gano hanyar ɗaukar hoton da sauri. A 1977 Damadian da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙirjin mutum, aikin da ya ci kusan awa biyar. A 1980 aka duba majinyaci da irin wannan na'ura a birnin Aberdeen na Sikotilan, hoton ya yi wa likitoci amfani. Lauterbur da Mansfield sun sami kyautar Nobel ta fannin likita a 2003.

Hoton abin da ba ya tsayawa

Duk wanda ya taɓa zama gaban mai hoto ya san ana ce masa kada ya motsa. Ƙwaƙwalwa da gwiwa suna jin wannan umurni, shi ya sa aka riga samun kyakkyawan hotonsu. Zuciya fa? Ba mai ce mata ta dakata, ga kuma numfashi yana ɗaga ta yana sauke ta.

Dabarar da aka yi ita ce a sa zuciya ta riƙa ba na'urar lokaci da kanta, kamar yadda makaɗi ke ba mai rawa. Ana manna wa majinyaci ƴan wayoyi a ƙirji masu kama wutar zuciya. Kowane bugu sai na'urar ta raba shi gida 25 zuwa 30, ta ɗebi yankin labari daga kowane gida. A bugu na gaba ta ƙara wani yanki, haka har hoton ya cika. Mutum yana riƙe numfashinsa wajen daƙiƙa 10 a kowane ɗauka. In aka jera hotunan sai su zama ɗan gajeren silima, likita ya ga zuciyar tana cika tana matsewa a gabansa.

Sai batun auna yawan jinin. Mai karatu ya tuna yadda ake yanka albasar Galmi zobe-zobe daga gindi zuwa kai. Haka na'urar ke yi wa zuciya a hoto, ba wuƙa ba jini: yanka 10 zuwa 12, kowane kaurinsa milimita 8 zuwa 10. A kowane zobe ana zana iyakar jini da nama, a lokacin da ɗakin ya cika da lokacin da ya gama matsewa. Faɗin zobe sau kaurinsa ya ba da abin da yake ci. A tara na zobban duka, sai a sami cikin ɗakin gaba ɗaya, daga nan kason turawa ya fito. Ta wannan hanya kuma ake sanin nauyin naman zuciyar da giram, abin da ke nuna ko hawan jini ya sa bangonta ya yi kauri.

Ina bambancin wannan da ekogarafi? Mai ekogarafi yana leƙen zuciya ta tsakanin haƙarƙari. Yakan ɗauki fuska biyu, sauran kuma lissafi ya cike bisa zaton siffar ɗakin. In mutum mai ƙiba ne, ko huhunsa na da ciwo, tagar leƙen takan ƙuntata, kuma sakamakon ya danganta da gwanintar hannun mai dubawa. Na'urar mayen ƙarfe kuwa ƙashi da huhu ba sa tare mata gani, kuma ba ta zaton siffa, aunawa take yi yanka bayan yanka. In an maimaita awon, adadin da ake samu yana kusa ƙwarai da na farko. Don haka masana suka ɗauke ta a matsayin tiyar da ake gwada sauran tiyoyi da ita. Fifikonta ya fi fitowa a ɗakin dama, wanda siffarsa ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, mai wuyar lissafi.

Naman da ya gaji da naman da ya mutu

Sanin adadi rabin aiki ne. Gona biyu suna iya ba da damma kaɗan, ɗaya don rashin ruwa, ɗaya don ƙasar ta mutu. Ta farko in ta sami ruwa za ta farfaɗo, ta biyu kuwa wahalar banza ce. Naman zuciya ma haka yake. In jijiyar da ke ciyar da shi ta ƙuntata, wani sashe yakan yi lamo yana raye, wani kuma ya mutu ya zama tabo.

Domin a rarrabe su, ana yi wa majinyaci allurar wani ruwa mai sinadarin gadoliniyom, wanda aka fara amfani da shi a asibitoci a 1988. Lafiyayyen nama yana sakin ruwan da wuri, tabo kuwa yana riƙe shi. Bayan minti 10 zuwa 15 sai a sake ɗaukar hoto: nama mai rai ya fito baƙi, tabo ya fito fari fat. A shekarar 2000 likita Raymond Kim da Robert Judd da abokan aikinsu a birnin Chicago suka nuna cewa gwargwadon zurfin tabon cikin bangon zuciya, gwargwadon ragowar fatan farfaɗowa. In tabon ya ci fiye da rabin kaurin bangon, da wuya wannan sashe ya koma aiki ko an buɗe jijiyar. Wannan sani yana hana a yi wa mutum babban aikin da ba zai amfane shi ba, yana kuma hana a bar wanda aikin zai cece shi.

Wurin da tabon ya zauna shi ma yana magana. Na toshewar jijiya daga cikin bango yake farawa ya nufi waje. Na kumburin zuciya da ƙwayar cuta ke kawowa ya fi zama a tsakiyar bango ko ta bayansa.

Na'urar tana kuma auna gudun jini. In ƙyauren zuciya yana yoyo, za ta faɗi mililita nawa suka wuce, nawa suka komo. Tana gano ƙarfen da ya taru cikin naman zuciya a wurin waɗanda ake yawan ƙara wa jini, domin kowace jakar jini tana ɗauke da wajen miligiram 200 na ƙarfe, jiki kuwa ba shi da hanyar fitar da rarar. Likitocin asibitin Royal Brompton na birnin Landan, ƙarƙashin Dudley Pennell, su suka fitar da wannan awo a 2001 domin masu ciwon jinin da ake kira talasemiya, kuma mace-macen masu wannan ciwo sun ragu sosai a Ingila bayan haka. Masu sikila, wato emasi, da ake ƙara wa jini a kai a kai, su ma ana lura da tarin ƙarfe a jikinsu, musamman a hanta.

Ciwon zuciya na masu jego

A ƙasar Hausa wannan magana ta kason turawa ta fi shafar mata. Akwai wani raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, alhali da can lafiyarta lau. Likitoci na tabbatar da shi in kason turawa ya sauka ƙasa da kashi 45 kuma ba a ga wani dalili daban ba. Yankinmu yana cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka yi bincike a kansa a Zariya, inda aka ƙiyasta yana kama wajen mace ɗaya cikin masu haihuwa 100. Sun ɗora zargi bisa wankan jego da ruwa mai zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. A Yamai kuma, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun bayyana a 1992 cewa sinadarin seleniyom ya yi ƙaranci a jinin matan da ciwon ya kama. Wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya fi danganta ciwon da rama, da rashin abin hannu, da rashin karatu, da hawan jini na lokacin ciki.

Abin farin ciki shi ne, naman zuciyar mai jego sau da yawa gajiya ya yi. Da magani, mata da dama ƙarfin zuciyarsu yana komowa cikin wata shida zuwa shekara. Amma wadda kason turawarta bai koma daidai ba, sabon ciki yana iya zama sanadin ajalinta. Saboda haka ba a yanke wannan hukunci da duban fuska. Sai an auna, a sake aunawa bayan watanni, sa'an nan likita ya zauna da matar da mijinta su yi shawara. Ekogarafi shi ne awon farko, kuma ga yawancin mata ya wadatar. Inda hotonsa bai fito sarai ba, ko ana tuhumar gudan jini ya kwanta cikin ɗakin hagu, ko ana son sanin ko akwai tabo, nan ne na'urar mayen ƙarfe ke raba gardama.

Abin da mai zuwa awo ya kamata ya sani

Awon yana ɗaukar minti 30 zuwa awa ɗaya. Mutum yana kwance cikin wani bututu mai buɗaɗɗen baki gaba da baya. Ba zafi, sai dai ƙara mai yawa kamar ana dukan tano, shi ya sa ake toshe kunnuwa. Ma'aikaci yana magana da shi ta lasifika, yana gaya masa lokacin riƙe numfashi da lokacin saki.

Babban gargaɗi shi ne ƙarfe. Mayen na'urar ba ya barci, ko ana aiki ko ba a yi. A 2001, a jihar New York ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu da mayen ya fizgo tulun iskar numfashi na ƙarfe ya buge shi a kai. Don haka mabuɗi, kuɗin ƙarfe, agogo, wayar salula, zobe, ƴan kunne, laya da guru duk a waje ake barinsu, kwalli ma a goge shi. Maƙeri ko mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, da wanda harsashi ya saura a jikinsa, da wanda aka dasa wa batirin zuciya ko wani ƙarfe wajen aikin likita, wajibi ne su faɗa tun kafin su shiga. Sababbin batiran zuciya da yawa an ƙera su yadda za su jure, amma likita ne mai tantancewa. Mai ciki da mai ciwon ƙoda mai tsanani su ma su sanar, domin ana kauce wa allurar gadoliniyom ga mai ciki, ana kuma taka tsantsan da ita ga mai ciwon ƙoda.

Tsani daga ƙasa ake hawansa

Wannan na'ura kuɗinta ɗaruruwan miliyoyin sefa ne. Tana bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi, da heliyom, da masu gyara, da likitan da ya koyi karatun hoton zuciya musamman. Tun daga 2018 ana ƙera wasu da lita kaɗan na heliyom ke isar su, maimakon fiye da lita 1.000, abin da zai rage wahala ga ƙasashe masu nisa da teku irin tamu. Duk da haka a Afirka ba a samunta sai a manyan asibitoci na manyan birane. Ma'aikatan da ke da alhakin sayen kayan likita su tuna cewa na'ura ba tare da horarrun mutane da yarjejeniyar gyara ba, ƙarshenta ta zama kayan kallo.

Awon mayen ƙarfe matakin ƙarshe ne na tsani. Matakin farko yana ɗakin likita na ƙauye: a auna tansiyo, in ya kai 14 bisa 9 a nemi magani a kuma rage gishiri da kanwa. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi a duba shi, domin ƙwayar cutar da penisilin ke kashewa cikin kwanaki tana iya lalata ƙyamaren zuciyarsa har abada. Mace mai ciki ta riƙa zuwa awo. Mai jego da ke haki, ko tari cikin dare, ko ƙafafunta suka kumbura, kada a ce sanyi ne ko iska, a kai ta likita ran nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya zo da wuri, ko an kai shi gaban babbar na'urar, galibi gajiyayyen nama za a tarar, mai jin magani.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuka iya karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman iyaye mata da ungozoma. In likita ya ce muku kason turawa kaza ne, ku tambaye shi ma'anarsa, ku rubuta adadin da ranar awon, ku ajiye takardar domin zuwa na gaba. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.